Ɗigon jinin da aka ɗiba a gidanmu

Har yanzu ina tuna ranar da ma'aikatan lafiya suka shigo gidanmu a Yamai tare da mai unguwa, suna neman ɗigon jini daga yatsan duk wanda ya yarda, domin gano waɗanda suka taɓa kamuwa da cutar korona. Inna ta ja hannunta cikin zane ta ce: "Ɗiyata, lafiyata lau, me za ku nema a jinina?"

Ma'aikaciyar ta durƙusa kusa da tabarma ta ce: "Inna, ba cuta muke nema ba, sawunta muke bi." Gwajin PCR, wanda aka saba yi da samfurin da ake ɗauka daga hanci, yana gano ƙwayar korona ne tana cikin jiki, amma wannan na ɗigon jini yana duba garkuwar da jini ya haɗa bayan mako 1 zuwa 3 da kamuwa, wadda nau'inta na IgG kan daɗe watanni. Sun tambayi wanda ya yi rigakafi, domin allurar ma tana barin irin wannan alama.

Tun da aka tabbatar da cutar a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, wanda aka gwada kawai aka riƙa ƙirgawa, alhali da yawa sun yi mura da zazzaɓi sun warke a gida. A ganina wannan awo ya fi kusa da gaskiyar unguwanninmu. Inna ta miƙa yatsa daga ƙarshe.