Tarihin Rayuwata, kashi na 11: Uwar Maguna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan satin na tsaya a inda maigidana Malam ya yi ritaya muka bar gidan haya na Jahun muka tare a namu na Fadaman Mada, duk a cikin garin Bauchi. Na so in shiga maganar auren Auta kai tsaye, amma sai na fara da ta dabbobin nan, don har gobe akwai masu kirana Uwar Maguna a cikin dangi, a bayan idona, sun ɗauka ba ya dawo min.

Goggo, Allah ya jiƙanta, tana da wata magana da ta faɗa ranar da ta kama su Yaya suna jifan mage a kan katanga, ta ce mai baki shi ke kai ƙararsa, marar baki kuwa Allah ke kai masa. Lokacin ko firamare ban shiga ba amma maganar ta zauna min.

Farkon abin da hunturu ne, ina dawowa daga Wunti na ji kuka siriri cikin wani buhun siminti a bakin kwata, an ɗaure bakinsa da tsumma. 'Ya'yan mage ne ko ido ba su buɗe ba. Wani yaro da na koyar a aji shida wanda ya zama likitan dabbobi shi ya nuna min yadda ake yi, ya ce Mama kar ki ba su madarar shanu zawo za ta sa su, ya kawo min irin tasu da sirinji marar allura, ya ce in naɗe gorar ruwan ɗumi a tsohon zani in sa musu a kwali don sanyi ya fi yunwa saurin kashe su, kuma bayan kowane shayarwa in jiƙa auduga in shafa musu ƙasan ciki kamar yadda uwar ke lasa, in ba haka ba ko fitsari ba za su iya ba. Tsakar dare nake tashi, Malam yana tsaki yana juya baya, da asuba kuma in kama shi ya leƙa kwalin.

Daga nan ban san yadda labari ya zagaya ba. Sai dai mu buɗe ƙofa mu tarar da kwali. Tsohon kejin kajin da ke bayan gida ya koma na maguna, garejin da ba mota ya koma na kwikwiyoyi masu ƙazwa da kaska har cikin kunne.

To tsinto dabba ba shi ne aikin ba, wa za ka ba shi ne aikin. Mage ba na bayarwa sai ta kai sati 8 tana cin abinci da kanta an ba ta maganin tsutsa. Masu shagon hatsi na kasuwar Muda Lawal su suka fi zuwa saboda ɓera, ni kuma sai na tambaya, in ka rufe shago ka tafi ƙauye sallah wa zai ba ta ruwa? In ya fara sosa ƙeya to ya tafi haka. Kare kuwa sai ya kai wata 3 an masa allurar haukan kare, irin wadda ake kawowa daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a rubuta a kati, kuma duk shekara a sabunta. Masu gona da masu gidan kaji da 'yan farauta su nake ba. Da maƙwabta suka fara gunaguni wai gidan malami da karnuka, Malam da kansa ya ce musu na gadin dabbobi da gona da farauta shari'a ba ta hana ba, ya tuna musu matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare a bakin rijiya. Wannan rana ba zan manta masa ita ba.

Wanda ya ƙona min rai na gida ne. Ƙanin Malam ya zo har ɗaki ya durƙusa, Yaya dan Allah ki ba ni karen nan Duna, ɓarayi sun dame ni a gona. Duna da na tsinta da waya ɗaure a wuya ta ci nama har tana wari, na yi jinyarsa har gashi ya rufe tabon. Na ba shi da katinsa da kwanonsa. Da na aika Auta ya dubo shi sai aka ce ya ɓata. Yaran gidan ne suka tona, ashe ya sayar wa masu saye suna lodawa a mota zuwa kasuwar karnuka ta Dawaki can Filato, kowa kuma ya san abin da ake kai su yi. Malam ya ce in yi haƙuri don zumunci, na yi, ina gaishe shi muna cin tuwo a taro, amma maganar Goggo na nan, ban kai ƙara ko'ina ba, akwai mai kai wa Duna. Matarsa ce fa ta laƙa min sunan nan na Uwar Maguna a wajen wani taron suna, wai ni da na rasa abin yi tunda yara sun watse. Ita da ta dawo bara tana neman mage saboda ɓera ya cinye mata atamfofin lefen 'yarta. Ban ba ta ba.

Na tsallake wani abu, wannan kafin rasuwar Malam ne. Kare ya ciji ɗan maƙwabta a ƙafa, unguwa ta taso wai nawa ne, har da masu gora. Ni ce na ja yaron bakin famfo na wanke ciwon da sabulu ruwa na zuba minti 15 kamar yadda likita ya koya min, uwar na ihu wai a nemo gashin karen a ƙona a shafa, na ce asibiti za a kai shi yau ɗin nan a fara allura, don ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana ba a tashi. Mai unguwa ya zo na zube masa katunan karnukana, aka ƙirga suna nan cif a gareji. Aka kamo wanda ya yi cizon aka tsare shi kwana 10 ana dubawa, na wani gida ne a bayan layi. Ba wanda ya dawo ya ce min sannu a cikin masu gorar nan. Yaron yanzu yana jami'ar ATBU, shi ke ɗaukar min karnuka a Keke Napep in za a kai su allura ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan shiga auren Auta, da yadda dangin amarya suka ce sai an kwashe magunan kafin 'yarsu ta taka gidan.