Faifan yaran gareji, da yadda nake cin abinci da su

Sana'ata sayar da tsofaffin faifan garmaho ce, a wani ɗan shago a birnin Houston na jihar Teksas. Mu uku ne: ni, da mai ɗakina da ke riƙe da lissafi, da wani ɗalibi da ke zuwa ƙarshen mako ya ɗaure kaya ya kai gidan waya. 'Yan uwa in sun zo daga gida sukan ce, "Yaya, wai har yanzu akwai mai sayen wannan abu?" Akwai kuwa. Kuma abin da ya fi kawo mini ciniki shi ne ƙananan faifan nan masu faɗin inci 7, masu juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a kowane gefe, waɗanda samarin Amurka suka buga a tsakiyar shekarun 1960.

A watan Fabrairun 1964 makaɗan nan na Ingila, Beatles, suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan. Daga nan 'yan sakandare a kowane gari suka sayi jita da ganguna, suka mamaye garejin motar iyayensu, shi ya sa ake ce masa kiɗan gareji. Yawancinsu hannunsu bai faɗa ba tukuna. Su harhaɗa kuɗi, su ɗauki waƙa biyu, wani ƙaramin kamfani ya buga musu 'yan ɗaruruwa, su kai wa gidan rediyon garinsu. Kafin a ankara ƙungiya ta watse, wani ya tafi jami'a, wani an ɗebe shi soja zuwa Biyetnam. Ƙarancin bugun nan shi ya sa faifansu ya yi tsada yau.

Kayan nakan samo su ne a gidajen da ake gwanjon kayan mamaci, da wurin tsofaffin ma'aikatan rediyo, da masu gyaran akwatin kiɗan nan da ake jefa wa tsaba. Kwali guda na iya ƙunsar faifai ɗari biyu, a ce uku ne kawai na kirki. Zafin Houston yana lanƙwasa faifai, raɓa tana sa takardar tambari ta yi fumfuna, ambaliyar guguwar Harvey ta 2017 kuma ta cinye tarin mutane da yawa. In na samu mai kyau, sai in wanke shi da ruwan da aka tace da buroshi mai laushi, in ɗaga shi ƙarƙashin fitila in karkata, in nemi karce. Sannan in duba ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da tambari, inda ake zana lambobi da hannu. Wurin nan yake faɗa mini ko bugun farko ne, ko na baya, ko jabu. Ba na sa farashi sai na ɗora allura na saurara daga farko har ƙarshe, domin wasu an yi su da wata roba mai saurin cinyewa: ido ya ga sabo, kunne ya ji tsaki kamar ana suyar ƙosai.

Abin da nake yawan jayayya a kai da masu shigowa shi ne asalin kiɗan sayikadelik, wato kiɗan nan mai juya kai da ake dangantawa da ƙwayar LSD. Kowa San Francisco da Landan yake ambata. Ni kuwa sai in zaro musu faifan ƙungiyar 13th Floor Elevators ta garin Austin, nan Teksas. A 1966 kamfanin International Artists na nan Houston ya fitar da babban faifansu na farko, kuma suna cikin waɗanda suka fara rubuta kalmar sayikadelik a sunan faifai. Mawaƙinsu Roky Erickson yana kurma ihu, Tommy Hall kuma yana hura bakin tulu da makirfo a manne, sautin yana tuttuɗowa ƙarƙashin jita. A wannan shekarar Count Five na San Jose suka kai mataki na 5 a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard da "Psychotic Reaction", waƙar da ke tsinkewa da gudu a tsakiyarta. Electric Prunes na Los Angeles suka zo da jita mai karkarwa. Dukansu da kayan araha suka yi wannan: ɗan akwatin Maestro Fuzz-Tone mai sa jita ta yi gurnani, da ogan ta Farfisa ko Vox. Manyan ƙungiyoyi sun zo sun ƙawata abin da kuɗi da gwaninta, amma a ganina yaran nan ne suka share hanya. Ko Billy Gibbons, makaɗin jitar shahararriyar ƙungiyar ZZ Top, a irin wannan ƙungiya ya fara, Moving Sidewalks, a garin nan.

Da ba don marubuci kuma makaɗi Lenny Kaye ba, da wataƙila ba ni da wannan sana'a. Shi ya tattara waƙoƙi 27 a tarin Nuggets da kamfanin Elektra ya fitar a 1972. Tarin Pebbles ya biyo baya a 1978, sai Back from the Grave a 1983, kowanne yana tono waɗanda suka fi ɓoyuwa. Da zarar waƙa ta shiga irin wannan tari, masu neman bugun asali sai su taso. A Ingila Spacemen 3 suka sake rera waƙar Elevators a 1986. A Austin kuma Black Angels suka kafa bikin kiɗa a 2008, wanda daga baya aka sa wa suna Levitation, sunan wata waƙar Elevators.

Masu saye kashi biyu ne. Akwai dattawa masu tari a Jamus, Japan da Ingila, waɗanda ke samuna ta Discogs, shafin intanet na cinikin faifai, su nemi hoton lambobin nan kafin su biya ko sisi. Akwai kuma samari makaɗa da ke shigowa shago da dala ashirin a aljihu. Su nakan nuna musu sabon bugu mai sauƙin kuɗi, in faɗa musu gaskiya cewa ba na asali ba ne, in kunna musu na asalin su ji bambancin da kunnensu. Ribar da ke kansu kaɗan ce, amma su suka fi dawowa, wani lokaci da kwalin faifan kakansu a hannu, suna tambaya ko akwai abin kirki a ciki.