Ɗigon taswira da ya kai ni ƙofar gidan da ba shi ba

Ranar Alhamis bayan Magariba na sauka daga Keke Napep a Gawon Nama cikin garin Sakkwato, na taɓa aljihun gefen kaftanina na ji wayam. Iyafis ɗina ne suka ɓata, AirPods Pro, samfuri na biyu wanda Apple ya fitar a 2022, duka biyun suna rufe cikin gidansu na caji. Sai ranar Lahadi da safe suka dawo hannuna. A tsakanin nan na tafka kuskure guda wanda har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma duk abin bai wuce rashin karanta layi ɗaya na ƙaramin rubutu ba.

Babu GPS cikin waɗannan iyafis ɗin. Abin da suke yi kawai shi ne sakin siginar Bluetooth. Duk iPhone ko iPad da ta gifta kusa sai ta ji siginar, in tana da data ta aika da wurin da ita kanta take, mai wayar bai ma san an yi ba. Ɗigon da kake gani a taswirar Find My, manhajar Apple ta neman kayan da suka ɓata, ke nan: inda wayar wani take a lokacin da ta ji kayanka. Na san wannan tun kafin ranar, ina ma yi wa mutane bayaninsa. Sanin bai hana ni ba.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na dare ɗigo ya fito a Runjin Sambo, daram a kan rufin wani gida da ke bakin kwana. A ƙarƙashin sunan kayan akwai layin da ke faɗin lokacin da aka ji su na ƙarshe. Ban dube shi ba. Da na duba, da na ga minti 47 ne suka wuce. Na kwashi abokai biyu muka hau babura, muka je muka yi sallama. Wani dattijo ya fito da carbi a hannu. Na kai masa waya kusa da fuska, na ce, "Baba, kayana suna cikin gidan nan."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, wanga gida ba a taɓa hiddo kayan sata cikinai ba. Shiga ka duba."

Ban shiga ba. A bakin zaure na danna Find, wayar ta yi ta neman sigina har minti biyu, ko alama. Wannan gwajin ne ya kamata in yi tun daga titi kafin in buɗe baki. In kayan suna cikin tazarar mita goma ko kusa da haka, wayarka da kanta za ta ji su, ba ta buƙatar wayar kowa. Ka bi jikin katangar a hankali, ka zagaya ta baya in da lungu, ka tsaya minti ɗaya ko biyu a kowane gefe, domin katangar ƙasa mai kauri da jikin mutane suna cinye siginar. In ka gama zagaye wayar ba ta ji komai ba, to ko dai kayan sun bar wurin, ko batir ya mutu. Ko da ma ta ji, a cikin gari inda gidaje ke manne da juna, da'irar da ke kewaye da ɗigon tana iya rufe gida huɗu ko biyar. Ba ta isa hujjar tsayar da magidanci a ƙofar gidansa ba.

Daren nan da na koma gida jiki a sanyaye na kunna Mark As Lost, na sa lambar wayata. Amfaninsa kaɗan ne a garinmu, domin saƙon sai mai iPhone ke ganinsa, kuma ba ya kulle iyafis ɗin: wanda ya tsince su zai haɗa da Tecno ɗinsa ya sha wa'azi ko kiɗa lafiya lau. Duk da haka a kunna, ba ya cin komai. Abin da ba a taɓawa shi ne Remove This Device. Ɗaya daga cikin abokan nan ya ce in cire su in sake sakawa wai taswirar za ta farfaɗo. Da na bi shawararsa da shi ke nan, domin sake sakawa sai kayan suna hannunka, cirewar kuma ita ce ke sakin su daga asusunka, wanda ya tsinta ya mayar da su nasa cikin minti ɗaya.

Find My ba ta ajiye tarihi. Ɗigo na ƙarshe kawai take nunawa, sabo ya zo tsoho ya ɓace. Saboda haka daga safiyar Juma'a na koma ɗaukar hoton allon waya duk lokacin da ɗigon ya motsa, ina rubuta wuri da lokaci cikin littafi, lokacin da aka ji su nake rubutawa, ba lokacin da ni na gani ba. Zuwa yammacin Asabar ina da ɗigo 14. Dandima, Mabera, bakin babbar kasuwa, Arkilla, Gawon Nama, Dandima kuma. Da na jera su sai abin ya fito fili: dukkansu a bakin kwalta suke, kuma babu biyu a jere a wuri guda. Mutumin da ya sa kaya a aljihu yana komawa gida, yana zama majalisa, yana shafe awanni wuri ɗaya. Abin da ke kai da kawowa a tituna iri ɗaya daga safe zuwa dare abin hawa ne. Ashe kayan ba su taɓa barin keken da na hau ba. Ɗigon gidan dattijon nan kuwa, ga dukkan alamu fasinja ne mai iPhone aka sauke a bakin kwanar, ko wani ya wuce ta wurin daidai lokacin. Ɗigo ɗaya na gani na je na ɓata wa bawan Allah dare, alhali ɗigo uku kacal da sun ishe ni in gane.

Wani abin da littafin ya nuna shi ne shirun dare. Daga wajen ƙarfe goma taswira takan yi tsit sai gari ya waye. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane a nan Tecno ne da Infinix da itel, kuma babu wadda ke kai rahoto ga Find My a cikinsu. Inda ɗigo ke yawan fitowa shi ne wajen bankuna da asibitoci da inda ɗalibai ke taruwa. Ga shi kuma mutanenmu suna kashe data sai za su yi amfani da ita, don haka waya tana iya jin kayanka yanzu, rahoton ya iso a makare. Shirun taswira ba ya nufin an kashe kayan. Sau da yawa sun shiga unguwar da ba mai ji ne kawai.

Ɗigon farko na safiyar Juma'a da na Asabar duk a wuri ɗaya suka fito, wani gidan mai a hanyar Kwannawa, wajen ƙarfe bakwai. Ranar Lahadi shida da rabi ta yi mini a can. Kekuna sun kai ashirin a layi. Wannan karon na yi hankali. Ban tunkari kowa ba sai da na tambayi wane ne babba a cikinsu, na gaishe shi, na ce, "Malam, kaya na yar cikin keke ranar Alhamis, wayata na nuna keken yana shan mai a nan." Kalmar sata ba ta fito daga bakina ba. Shi da kansa ya riƙa bi na layi layi.

A nan ne samfuri na biyu ya biya kuɗinsa. Gidan cajinsa yana da guntun Ultra Wideband, wanda ke nuna wa waya gefen da kayan suke da nisansu, da kuma 'yar lasifika. In wayarka iPhone 11 ce ko sama da ita, ban da irin su SE da 16e, sai kibiya ta fito a allo da adadin tazara. Tana son haske domin tana aiki da kyamara, kuma cikin ƙarafan kekuna takan rikice ta yi ta juyawa, sai ka tsaya cak, ka ɗan juya jikinka, ka ci gaba da taku gajere. A keke na tara ta tsaya. Aka kashe injuna na kusa, na danna Play Sound, muka ji ɗan kuka siriri daga bayan kujera. Gidan ya zame ya maƙale tsakanin katifar kujerar baya da ƙarfen jiki, ya yi butu-butu da ƙura. Mai keken ya riƙe baki ya ce, "Wanga abu naka na? Wallahi ko ganinai ban yi ba." Na yarda da shi, domin sai da aka ɗaga kujerar hannu ya kai.

Injin keke a baya yake, ƙarƙashin wurin da gidan ya maƙale. Apple ya ce kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 45, su kuwa sun kwana uku suna gasuwa a kan inji cikin ranar Sakkwato. Suna aiki, amma ina ganin cajin gidan ba ya daɗewa kamar da.

Duk wannan wahalar da ba ta taso ba in da ban kashe Notify When Left Behind ba. Na kashe shi ne don ya dame ni da gargaɗi kullum na fita masallaci na bar su a ɗaki. Gyaran da ya dace shi ne a bar shi a kunne, a sa gida cikin wuraren da aka keɓe. Da yana kunne, da cikin 'yan mintuna na san sun rabu da ni, tun ina iya tuna kamannin keken.

In da gaske sace su aka yi, lissafin daban ne. Play Sound ba ya aiki sai kana cikin tazarar Bluetooth, kuma dannawa cikin kasuwa sanar da mai riƙe da su ne cewa kana kusa. In yana da iPhone, wayarsa ma za ta iya gaya masa cewa AirPods na wani suna tafiya tare da shi. Danne maɓallin bayan gidan na daƙiƙa 15 yana goge haɗin Bluetooth, amma ba ya fitar da su daga asusunka, shi ya sa wani kan kira lambar da ka sa, ya lallaɓa ka ka cire su ko ka ba shi kalmar sirri. Kada ka bayar. Ka tara hotunan allo masu lokaci, da kwali, da rasit, da lambar siriyal, wadda take jikin kwalin da kuma cikin murfin gidan caji, ka kai wa 'yan sanda ko mai unguwa su shige gaba. Ihun ɓarawo a cikin kasuwa kowa ya san inda yake ƙarewa, kuma ni shaida ne cewa ɗigo yana nuna wanda bai ji ba bai gani ba.

Ba kowane samfuri ke da wannan gatan ba. AirPods na farko da na biyu, waɗanda ba Pro ba, wurin da suka rabu da wayarka kawai suke nunawa, in suna rufe cikin gida kuma ba sa kuka. AirPods 3 da Pro na farko suna shiga hanyar Find My, amma gidansu ba lasifika. Jabu kuwa, waɗanda suka cika shaguna, kada ka dogara da taswira a kansu. Tun iOS 16 waya kan yi gargaɗin ba ta iya tantance su ba. Masu Galaxy Buds suna da Samsung Find, wadda a da ake shiga ta SmartThings Find, ita kuma wayoyin Galaxy ne 'yan rahotonta. Google ya buɗe tasa hanyar a 2024, ya sauya mata suna zuwa Find Hub a 2025. A garin da Android ta fi yawa ita ce ya kamata ta fi ƙarfi, sai dai iyafis ɗin da aka ƙera don ita kawai take ɗauka. Kuma dukkansu sai ka kunna tun kayan suna hannunka, Location ɗin wayarka ma a kunne, in ba haka ba ko wurin rabuwar ba za a rubuta ba.

Ga masu iyafis na yau da kullum da ba su da ko ɗaya cikin waɗannan, abin da ya rage shi ne gaggawa. In ƙwaya ɗaya ta faɗi a wajen gidanta, tana nan a kunne na ɗan lokaci kafin ta kashe kanta. Koma wurin da Bluetooth a kunne. In ta haɗu da waya, kashe fanka da janareta, ka saki sauti mai kaifi, ka ƙure ƙara, ka saurara. Manhajar duba sigina irin nRF Connect tana nuna ƙarfi da lamba: kusan -90 kana nesa, -60 kun shiga ɗaki ɗaya, -40 miƙa hannu. A duba jikin ƙarfe, ƙafar gado, makullai, zif ɗin jaka, domin akwai maganaɗisu a jikinsu, suna mannewa inda ido ba ya zuwa. In suna rufe cikin gida kuwa a kashe suke, babu manhajar da za ta gan su. Nawa yanzu na manna 'yar takarda mai lambar wayata a bayan gidan, wadda mai Tecno ma zai iya karantawa.

Ranar Litinin bayan La'asar na roƙi kawuna ya raka ni Runjin Sambo, muka tafi da goro. Kawu ne ya yi magana, ni ina durƙushe kaina a ƙasa. Dattijon ya karɓi gidan cajin ya jujjuya shi a tafin hannu, ya buɗe murfin ya rufe, ya ce, "Ashe don wanga ɗan abu anka tashe ni?" Ya ce ya yafe. Har yanzu in zan je wajen nan ta bayan layi nake bi.