Ƙyanƙyasar tarwaɗa a Saga da ƙarancin ramboshi

Sana'ata ita ce ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa a wani ɗan fili da ke Saga, kusa da kogi, inda nake sayar wa masu kiwon kifi na Yamai da kewaye. Aikin yana da ƙa'ida: ana yi wa macen allura da yamma, washegari a matse ƙwanta, a haɗa shi da ruwan namijin, kuma idan ruwa da ɗumi, ƙwan kan fashe cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Lokacin hunturu kuwa sai an ɗumama ruwa, in ba haka ba asara ce. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, namijin ba ya matsuwa, dole a yanka shi kafin a samu abin da ake nema, don haka kowace ƙyanƙyasa tana cin uba.

Nan ne batun ramboshi ya shigo. Shi ma dangin tarwaɗa ne, amma ya fi ta girma, kuma ana gane shi da tsokar da ke bayansa kusa da wutsiya. Masu kiwo suna son ɗan da ake samu idan an haɗa namijin ramboshi da macen tarwaɗa, saboda saurin girmansa, sai dai uban daga kogi ake kawo shi, kuma Sarkawan da nake hulɗa da su a Gamkalle sun daɗe suna cewa manyan sun yi wuyar samu. Yashi yana cike gurbin kogin, wasu suna su da gidan sauro wanda ba ya barin ko ɗan tsako, dattawa kuma ba su manta da 1985 ba, shekarar da ruwan ya daina gudu a Yamai.

Saboda haka na daina sayen manyan ramboshi da damina, lokacin da suke hayayyafa, na ware kwami biyu ina renon iyaye tsantsa, ko da yake suna cin abinci fiye da shekara ba su kawo ko dala ba. Bakin magudanar ruwana ma na sa masa raga, domin ambaliya irin ta 2020 ko ta 2024 tana iya kwashe haɗaɗɗen iri ta kai shi kogi ya gauraya da na asali. Wasu abokan sana'a suna ganin ɓarnar kuɗi ce, ni kuwa na lissafa abin da namiji ɗaya yake ci mini a hannun masunta yanzu, na ga renon ya fi araha.