Ranar da Godzilla ya sheƙa da gudu

Litinin, 4 ga Disamba, 2023. Argungu.

Ko addu'ar bayan sallar asuba ban gama shafawa ba, Auta ya faɗo mini ɗaki ba sallama, ya ƙudundune cikin bargo, waya a hannu. Hazo ya rufe gari, sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ni kuwa niyyata in ɗan koma in runtsa kafin lokacin fita shago.

"Yaya, sun saki tirela!"

Na miƙe zumbur na ce wace tirela, a wace hanya? Wallahi na ɗauka wata babbar mota ce ta ƙwace a hanyar Birnin Kebbi. Ashe tallan sabon fim ɗin Godzilla da Kong ne, dodon nan mai kama da ƙadangare da ƙaton birin nan, wanda aka saki jiya Lahadi, fim ɗin kansa kuma sai baɗi. Da datata yaron nan ya sauke shi, amma wannan sai can da hantsi na gano, lokacin da saƙon kamfani ya shigo cewa saura ƙiris.

Sau uku muka kalla a kan katifa, kai da kai. Ga Kong ya tsufa, gemu ya yi furfura, an sanya masa wani hannun ƙarfe a damansa. Ga wani ɗan jaririn biri mai manyan idanu. Ga kuma wani jan biri, dogo siriri, da ganin fuskarsa ka san ba alheri ya kawo shi ba. Duk wannan bai dame ni ba. Sai ga Godzilla ya fito, ƙayoyin bayansa da muka sani shuɗaye sun koma ruwan hoda. Kafin in gama haɗiye wannan, sai ga shi kafaɗa da kafaɗa da Kong, sun sheƙa da gudu kamar 'yan makaranta an kaɗa ƙararrawar tashi. Auta ya buga tsalle har bargon ya faɗi. Ni na ajiye wayar na ce masa ya je ya ɗebo wa Inna ruwa.

Ban ta da janareto ba sai wajen goma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu, lita ta haura naira 600, na daina kunna shi don waya biyu ko uku. Sai teburin ya cika. Yau kuwa kafin goman benci ya riga ya cika da mutane, kuma rabinsu ba caji ya kawo su ba. Kowa "tura mini, tura mini." Na tura wa mutum ya fi ashirin ta Xender, ban karɓi ko sisi ba, don ba a karɓar kuɗin talla. Fim ake biya.

A shagona dama mutane kashi biyu ne, ko da yaushe. In ƙwallo ce, Madrid da Barcelona. In kuwa wannan harka ce, 'yan Biri (masoya Kong) da 'yan Ƙadangare (masoya Godzilla). Shugaban 'yan Biri wani ɗan kabu-kabu ne da ke ajiye mashin a gindin dalbejiyar ƙofar shago. Shugaban 'yan Ƙadangare telan da ke maƙwabtaka da ni, wanda yau ya bar ɗinkin mutane a kan keke ya dawo bencina da almakashi a hannu.

Ɗan kabu-kabu ne ya fara tsokana. Ya ce to ga gwaninku nan an shafa mai hoda, saura jan-baki da gazal a kai shi gidan miji. Aka kwashe da dariya. Yarinyar da ke kawo mana awara, wadda ban taɓa jin ta sa baki a hirarmu ba, ta leƙa wayar ta ce, "Ai kalar ankon bikin yayata ce sak." Nan fa benci ya kusa kifewa.

Tela bai yi dariya ba. Ya nuna shi da almakashi ya ce, "Hoda ko ba hoda, wa yat taka ƙirjin wani a Hong Kong?" Wannan ita ce hujjar da 'yan Ƙadangare ke yawo da ita a aljihu tun 2021, kuma gaskiya hujja ce: a fim ɗin wancan karon Godzilla ya kwantar da Kong, ya ɗora masa ƙafa a ƙirji, ya yi masa ruri a fuska, ya juya ya bar shi kwance numfashi na neman ɗaukewa. Ɗan kabu-kabu ya ce to wa ya ɗauki gatari ya daddatsa dodon ƙarfen da ya kusa kashe naku? Ita ma hujja ce. Sai suka juyo gare ni, wai ni ne alƙali tunda ni ke tura fina-finan. Na ce in tarihi ake so, sun taɓa karawa a 1962 a wani fim na Japan, su biyun suka rufta cikin teku, Kong kaɗai aka ga ya taso yana iyo. 'Yan Biri suka yi ihu. Tela ya ce wanda gidansa ruwa, don bai taso ba sai a ce an ka da shi? Kifi in ya nutse mutuwa ya yi? Na rasa amsa, na koma kan wata waya da bakin cajinta ya lalace.

Amma abin da ke cina a rai daban ne, kuma da azahar da mutane suka ragu na faɗe shi. Launin bai dame ni ba, su mayar da shi kore ma in sun ga dama. Gudun ne. Abin da tsayinsa ya kusa mita 120, a ce yana ɗaga gwiwa yana wurga hannuwa? Na ce su tuna hawan salla. Dogarai ke kai da kawo, yara ke guje-guje, masu dawakai su yi sukuwa su zo su yi jinjina, amma dokin Sarki taku ɗaya-ɗaya yake yi a ƙarƙashin laima. Ranar da ka ga Sarki ya tattare babbar riga ya zura da gudu, ka san gari ya ci wuta. Kwarjinin Godzilla a wannan tafiyar ƙasaitar yake: ka ji dum, ka jira, ka sake jin dum.

Abin dariyar shi ne wannan tafiya asalinta dole ce ta kawo ta. A fim na farko, na kamfanin Toho a 1954, babu kwamfuta. Mutum ne, Haruo Nakajima, aka zura cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, wato buhu biyu na shinkafa 'yar kilo hamsin-hamsin, aka ce ya taka ƙananan gidajen da aka ƙera kamar birnin Tokyo. Wanda ya ɗauki buhu biyu ina shi ina gudu? Har gidan zu ya riƙa zuwa yana kallon yadda giwa ke ɗaga ƙafa. Rurin ma ba na wata dabba ba ne: safar hannu ta fata aka shafa wa ƙaro, aka goga a kan tsarkiyar wani ƙaton goge na Turawa. Da na ce musu sunan na asali Gojira ne, haɗin kalmar goggon biri da "kujira", sunan wani ƙaton kifin teku a harshen Japan, sai ɗan kabu-kabu ya ce shi ke nan, ashe ma kujera ce, shi ya sa Kong zai zauna a kai. Ba a hira da mutumin nan a gama lafiya.

Auta, da ya dawo daga makaranta ya tarar da zancen, ya ce, "Yaya, ba gudun tsoro ba ne hwa, hari za su kai." Na ce ko ma mene ne, babba ba ya gudu. Na faɗe ta da ƙarfi, na maimaita, har tela ya ba ni hannu.

Bayan la'asar Kawu ya iso da 'yar wayarsa mai tocila a ɗaure da roba. Kawu masunci ne tun kafin Inna ta san hankalinta. Gora da homa sun ci masa kafaɗa, kuma ya sha faɗawa kogin Matan Fada a ranar gasar kamun kifi tare da dubban mutane in an buga bindiga. Ba ya kallon fim. Ko na Hausa in an kunna sai ya juya baya ya kama gyaran koma. Amma ya ji hayaniya, ya ce, "Mi ad da ku yau, awa kasuwar kifi?"

Auta ya miƙa masa waya. Ya riƙe ta can nesa da fuska, ya kanne ido ɗaya, ya kalla tun daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba. Ni kuwa na gyara zama, don na tabbata dattijo zai goyi bayana. Na ce, "Kawu, ku faɗa musu. Abu babba haka yana gudu?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa yac ce maka babba ba ya gudu? Ka taɓa ganin dorina ta hito bisa tudu?"

Na ce a'a.

"To ni na gani, can Yawuri, ina saurayi. Ga ta awa ɗaki, ƙahwahu gajejjeru, amma in ta biyo ka, ɗana, ba ka tsere mata. Kada ma da kake gani kwance awa gungume, bari shi zabura."

Auta ya fara rawa a tsakiyar shago. Tela ya janye hannun da ya ba ni ɗazu, a fili, kowa na gani. Na ji kunya ƙwarai, don magana ce na kafe a kanta tun azahar.

Sai Kawu ya sake cewa a mayar masa wurin gudun. Ya kalla, ya girgiza kai, ya ce shi abin da ya gani ba daidai ba daban ne. Wai an nuna dodon duka. Daga kai har wutsiya, a fili, cikin haske, har kana iya ƙirga haƙoransa. Ya ce dorina in tana ruwa kunnuwa biyu da hanci kawai za ka gani, sauran kai za ka auna da zuciyarka, kuma abin da zuciya ta auna kullum ya fi na gaskiya girma. Ya ce giwan ruwa babba, irin wanda ake ɗorawa a sikeli gaban Sarki, ba ka ganinsa. Kana tsaye ruwa iya ƙirji, ƙananan kifi na ta tsalle suna bugun homa, sai ka ji ruwan da ke tsakanin ƙafafunka ya yi nauyi, wani abu ya gifta ya ture ka kaɗan ba tare da ya taɓa ka ba. "Nan ne gabanka ka hwaɗuwa. In ya hito tudu kuwa, nama ne, a kira mai wuƙa."

Shagon ya yi tsit na ɗan lokaci, sai ƙarar janareto. Na tuna tatsuniyoyin da kakarmu ke mana a tsakar gida: ba ta taɓa ce mana ga siffar Dodo ba. Muryarsa kawai take yi, ta kumbura kumatu, mu kuma mu ƙanƙame juna. Kowannenmu da irin Dodonsa a kai. Na kuma tuna cewa a fim ɗin 1954, baƙi da fari, yawancin ɓarnar da dare ake yinta, kuma farkon ganinsa kai ne kawai ya leƙo ta bayan tsauni.

Ban san abin da ya sa ba, sai na ba Kawu labarin inda dodon ya samo asali. Na ce masa masunta ne irinsa. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani bam a tsibiran Bikini, cikin tekun Pasifik. Wani jirgin kamun kifi na Japan, da mutum 23 a ciki, yana can nesa yana aikinsa. Suka ga yamma ta yi haske kamar rana ta fito ta inda ba ta saba ba. Bayan 'yan sa'o'i wata farar toka ta fara zubo musu, ta kwanta a kan jirgi, a gashinsu, a fatarsu. Kafin su isa gida jiki ya fara ƙuna, gashi na zuba. Mai kula da rediyon jirgin ya rasu a watan Satumba. Shekara tara kacal ke nan bayan da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki na Japan. A watan Nuwamba fim ɗin ya fito, kuma da jirgin ruwa da wani haske ya cinye a teku aka buɗe shi.

Na zaci zai tambayi bam ɗin. Sai ya ce, "Kihin da sunka kamo hwa?"

Na ce an gwada an tarar da guba a jikinsa. An binne wasu, an zubar da masu yawa, mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwa, farashi ya faɗi warwas.

Ya daɗe yana murza robar da ke jikin wayarsa. Ya ce, "Wanda bai ji ba bai gani ba, ya tahi neman abincin ɗiyanai." Bai ƙara komai a kai ba. Ɗan kabu-kabu, da bakinsa bai huta ba tun safe, ya tashi ya ce bari ya ɗan zaga ko zai samu fasinja.

Da zai tafi, Kawu ya biya kuɗin cajinsa duk da na ce ya bari, sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in sa masa wancan tsohon, na masuntan, a wayarsa. Na ce wayarku ba ta ɗaukar fim, Kawu, ko mimori babu. Ya ce to in nemo, ranar Juma'a bayan an sauko zai zo ya kalla a tawa, amma in tabbatar an rage hayaniya.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Na sa sabuwar data, na ɓoye wayar a ƙarƙashin matashi saboda Auta, na samo fim ɗin amma ba fassara, harshen Japan ne da rubutun Turanci a ƙasa, wato ni zan zama mai fassara ranar Juma'a. Yana kashi 40 cikin ɗari, sabis na ta ɗaukewa. Ta bangon ɗaki ina jin Auta yana gwada rurin Godzilla ƙasa-ƙasa, Inna kuma na ce masa in bai rufe mata baki ba zai kwana a zaure.