Na je Venice ta Amurka, na dawo da haƙora a kwalba

Jama'a akwai abin kallo a duniya. Satin da ya wuce na dawo daga Filorida wajen yayana da yake aiki a Tampa, kuma duk wuraren da ya zaga da ni ba wanda ya tsaya min a rai kamar wani ɗan gari da ake ce wa Venice. Ba ta Italiya mai kwale-kwale ba fa, wannan tana kudu da Tampa, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu a mota. Tun a hanya Yaya yake ce min "yau za ka ga manya suna wasan ƙasa", ni na ɗauka zolaya ce irin tasa.

Muna sauka bakin ruwa kusa da doguwar gadar nan ta masu kamun kifi sai ga tsofaffi birjik, maza da mata, wasu sun haura 70, kowa riƙe da wani kwandon waya mai dogon mariƙi, ya zura shi daidai inda igiyar ruwa ke karyewa ya kwaso yashi da tsakuwa ya juye a rariya, sai ya duƙa ya hau tona da yatsa kamar mai tsintar shinkafa. Wai haƙoran kifin shak ake nema. Wallahi a unguwarmu aka ga dattijo da furfura yana tara haƙora a leda, kafin la'asar labari ya zaga cewa boka ne ya aike shi.

Muka yi hayar kwando ɗaya muka shiga. Ni duk baƙin abin da na gani sai na ɗauka, Yaya ya ce dutse ne. Wata dattijuwar Baturiya da ke gefenmu ta gaji da kallona ta matso ta buɗe tafin hannunta, 'yan ƙanana ne ashe, wasu ba su kai farcen ɗan yatsa ba, masu kusurwa uku, baƙi wuluk suna sheƙi. Ta ce in daina duba launi in dinga duba siffa. Ita ta yi min bayani cewa shak duk rayuwarsa zubar da haƙori yake, wani na faɗuwa wani na matsowa daga baya, guda ɗaya sai ya zubar da dubbai. Kuma miliyoyin shekaru da suka wuce duk yankin nan ƙarƙashin teku yake, haƙoran suka nutse a laka ma'adinai suka ratsa su har suka zama dutse, shi ya sa suke baƙi ko ruwan toka. Da za ta tafi ta ƙirgo min wasu daga nata ta zuba min a hannu, na laluba aljihu Yaya ya harare ni. Ba na sayarwa ba ne, sha'awa ce kawai, a gida ma wai kwalabe gare ta cike a kan taga. Wannan ya burge ni gaskiya, mutum ya wuni a rana kan abin da ba zai ci ba ba zai sayar ba, kuma ba mai ce masa ya rasa aikin yi.

Na farko da na tsinta da hannuna kuwa kabbara na yi da ƙarfi har aka waiwayo. Gefensa har yanzu da kaifi, in ka goga a yatsa za ka ji.

Inda kuɗi yake shi ne kantunan cikin gari. Nan na ga haƙorin megalodon, wani ƙaton shak da ya ƙare a duniya kusan shekara miliyan 3.6 da suka wuce, haƙori ɗaya ya cika tafin hannuna, masu nutso ne suke zaƙulo irinsu a can ciki. Masu kyan ɗaruruwan daloli. Na buga lissafi da naira a waya na mayar musu da abinsu a hankali. Na dai gwada cewa nawa za a rage, yarinyar kantin ta yi min murmushi ta nuna min takardar farashi, shi ke nan an gama ciniki. Ba alheri ba albarka, kasuwa ba daɗi sam. Abin da zan yaba musu, ajiye mota a bakin ruwan Venice kyauta ne.

Washegari Sanibel, tsibirin katantanwa. Can kam komai kuɗi, gada dala 6, fakin kuma awa-awa ake biya, gadar ma ita ce guguwar Ian ta karya a 2022 aka gyara. Tsibirin a kwance yake gabas da yamma shi ya sa ruwa ke tara masa ƙwanso tuli, kana takawa yana ƙaras ƙaras. Dokarsu in da rai a ciki a mayar ruwa. Na cika leda, har da masu murɗi irin wanda muke kaɗawa muna yara.

A filin jirgi da na sauka gida wani ma'aikaci ya buɗe jakata ya ɗago kwalbar ya jijjiga, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce "malam wannan na wane aiki ne?" Na ce tsaraba ce. Ya kira abokin aikinsa suka yi ta juya ta, sai da na nuna musu bidiyon tsofaffin nan a waya kafin ya tura min kayana ko sannu babu. Hajiyarmu ma da ta gani cewa ta yi kar in kuskura in ajiye mata su a ɗaki.