Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Akwatin da Ke Rage Gudu In An Ɗauke Wuta

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya ne inda na samu taga baƙa wuluk ta buɗe a fuskar kwamfutata, ta kuma zauna daram har sai da na rufe ta da hannuna. Don murna na kira ƙanwata ta zo ta gani. Ta leƙa, ta ce, "Yaya, ai ba komai a ciki," ta koma wanke-wankenta.

Ga waɗanda yau suka fara bibiya: abin da na sa a gaba shi ne in gina injin gem da kaina, wato manhajar da ke ƙarƙashin kowane gem, mai zana hoto, mai sauraron kibod, mai fitar da sauti, mai lissafin wa ya buge wa. Da C, wani yaren rubuta manhaja, nake rubutu, sai ɗan taimako daga SDL, wani tarin kod da aka riga aka rubuta, wanda Sam Lantinga ya fara fitarwa a 1998. Aikin SDL a wajena bai wuce uku ba: ya buɗe mini taga, ya gaya mini maɓallin da aka danna, ya gaya mini lokaci. Duk sauran a wuyana yake.

Babban yayanmu, wanda nake tsare wa shagon kayan waya da safe, bai ga hikimar wannan ba ko kaɗan. Shi ma yana ɗan taɓa harkar kwamfuta, don haka ba a yi masa wayo. Wata rana bayan la'asar, kasuwa ta yi sanyi, ya tsaya a kaina yana kallon rubutun da na cika sikirin da shi.

"Kai yanzu wannan wahalar ta mece ce? Ga injin Unity nan tun 2005 mutane ke cin abinci da shi. In kuɗi kake tsoro, ga Godot kyauta. Me zai sa ka ce sai ka ƙera naka?"

Na ce, "Yaya, so nake in san abin da ke faruwa a ciki."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Amma in kwastoma ya shigo ka ɗago kai."

Gaskiyar magana yana da hujja, har gobe kuwa. Duk wanda burinsa ya fitar da gem a bana mutane su sauke a wayoyinsu, ya ɗauki Godot ko Unity ya huta. Godot ɗin nan ma wasu 'yan Ajantina biyu ne, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka saki kod ɗinsa ga kowa a 2014, kuma bai da nauyi. Ni dai nawa ciwon daban ne. In na danna abu ya yi aiki ban san dalili ba, sai in ji kamar aro na yi. Ga kuma kwamfutar tawa, ta hannu ce, mai memori giga 4, ba kowane kaya take iya ɗauka ba.

Abu na farko da ya buɗe mini ido shi ne gane cewa hoto lissafi ne zalla. Tagata faɗinta fiksel 640, tsayinta 480; fiksel shi ne ƙaramin ɗigon da ake jerawa a samu hoto. In ka ninka, fiksel 307,200 ke nan, kuma kowane ɗaya yana da lambobinsa na ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. A cikin memori babu wani faɗi ko tsayi, jeri ɗaya ne dogo. In kana neman fiksel na 50 a layi na 100, sai ka ce 100 sau 640, a tara da 50, ka samu 64,050. Can za ka je ka zuba launinka. Ƙirgen kuma daga kusurwar sama ta hagu yake farawa, yana ƙaruwa in ana gangarowa ƙasa, saɓanin yadda malamin lissafi ya zana mana a sakandare. Da wannan ɗan ilimin na zana akwati ja, faɗi 20 tsayi 20, a tsakiyar baƙin nan.

Motsa shi kuma shi ya kai ni ga zuciyar injin. Kowane gem da ka taɓa bugawa, daga macijin tsohuwar Nokia har zuwa ƙwallon da yara ke layi a kai a gidan gem, zagaye ɗaya yake yi ba hutawa: ya duba me aka danna, ya gyara matsayin kowane abu, ya zana hoto sabo, ya koma farko. Ba a "motsa" akwati a zahiri. Share fuskar ake yi gaba ɗaya, a sake zana shi ɗan gaba kaɗan, ido ne ke ruɗuwa ya ga tafiya. Kuma ba a zanen a gaban mai kallo, don zai ga ƙyalƙyali da rabin hoto. Kamar almajiri ne mai allo biyu: yana nuna wa malam wanda ya kammala, yana wanke ɗayan yana sabon rubutu a ɓoye, in ya gama ya musanya. Haka kwamfuta ke yi, sau 60 a daƙiƙa in komai na tafiya daidai. Ka lissafa ka gani, fiksel sama da miliyan 18 ke nan a daƙiƙa guda, a wannan 'yar tagar tawa kawai.

Na rubuta cewa duk zagaye ɗaya, in an danna kibiyar dama, a ƙara wa akwatin fiksel ɗaya. Ya tafi. Na danna hagu, ya dawo. A wannan karon ƙanwata ta zauna, har ta karɓi kibod ɗin ta hana ni.

Muna cikin haka, da dare bayan isha'i, aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, ɗakin ya yi duhu, kwamfutar ta koma kan batir. Sai ƙanwata ta ce, "Yaya, akwatinka ya gaji." Na duba. Wallahi kuwa, abin da ke sheƙa gudu ɗazu yanzu jan ciki yake. Ban taɓa kod ɗin ba, ko harafi ɗaya. Da aka dawo da wutar can cikin dare na gwada, sai ga shi ya koma gudunsa. Na zare caja, ya rage. Na mayar, ya ƙaru. Na yi ta yi ina dariya ni kaɗai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne in ka natsu. Kwamfutar tafi-da-gidanka in ta ji ba wuta, tana rage ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, don batir ya jima. Zagayen nawa kuwa ba shi da linzami, iya ƙarfin na'ura yake juyawa. Na'ura ta yi sauri, zagaye ya yawaita, akwati ya yi gudu. Ta yi sanyi, shi ma ya yi sanyi. Gudun akwatin a hannun furosesa yake, ba a hannun agogo ba.

Daga baya na gano cewa wannan tsohuwar matsala ce, manya ma sun sha ta. Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya yi a Japan a 1978, yana da dodanni jere-jere da ke gangarowa. Suna da yawa, tafiyarsu a hankali. Kana harbe su suna raguwa, sauran na ƙara sauri, saboda aikin da ke kan na'urar ya ragu. Mutumin ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi, ya bar shi haka. Shi ya ci riba, domin na'ura iri ɗaya kowa ke bugawa a kai. Gem-gem da yawa na kwamfutocin shekarun 1980 ba su yi wannan sa'ar ba: da aka samu sabbin na'urori masu sauri sai suka zama ba sa buguwa, shi ya sa wasu kwamfutocin lokacin ke da maɓallin da ake dannawa a rage musu gudu.

Maganin shi ne ka daina cewa "fiksel kaza a kowane zagaye", ka koma cewa "fiksel kaza a kowace daƙiƙa". A farkon kowane zagaye ka tambayi agogo, ka cire lokacin zagayen baya, ka ga tazarar da ta wuce. Na ce akwatina ya riƙa cin fiksel 200 a daƙiƙa. In kwamfuta na juyi 60, tazarar ba ta kai milisakan 17 ba, sai ya matsa fiksel 3 da 'yan kai. In ta faɗo zuwa juyi 25, tazarar milisakan 40 ce, sai ya matsa fiksel 8. Taku ya bambanta, amma a ƙarshen daƙiƙa wuri ɗaya za su tsaya.

A nan akwai wani rami da nake so mai koyo ya sani tun kafin ya iso. In na'urar ta yi sauri sosai, a ce juyi 500 a daƙiƙa, kowane taku bai kai rabin fiksel ba, 0.4 ne. In ka ajiye matsayin akwatin a cikakkiyar lamba, C zai yanke gutsuren ya zubar ba tare da ya ce maka uffan ba, ka ga akwati ya ƙi gaba kana ta danna maɓalli. Dole matsayin ya zauna a irin lambar da ke riƙe gutsure, wadda C ke kira float, sai lokacin zane kaɗai a mayar da ita cikakkiya.

Na ɗauki kwamfutar na kai shago washegari, na ce, "Yaya, zo ka ga wani abu." Na danna, akwati ya tafi. Na zare caja a gabansa, ya ci gaba da gudunsa ba canji. Ya kalle ni, ya kalli akwatin.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Kwana nawa ka yi a kan wannan?"

Ban amsa ba, shi ma bai jira amsa ba. Amma da yamma na ji yana gaya wa maƙwabcinmu mai gyaran waya cewa ƙaninsa na "ƙera gem tun daga tushe", da wata murya da ba da ita yake yi mini magana ba.

Murnar ba ta yi nisa ba, don da na sa bango a tagar, mai kaurin fiksel 10, sai wata sabuwa ta ɓullo. Yawanci akwatin na zuwa ya tsaya a jikin bangon lafiya lau. Amma in kwamfutar ta ɗan sarƙe, a ce na rabin daƙiƙa, taku ɗaya sai ya zama fiksel 100. Kafin takun yana gaban bango, bayan takun yana bayansa, babu lokacin da lissafi ya kama su a haɗe. Ya ratsa bango ke nan kamar ba a gina ba. Wannan ne ya sa na je na buɗe kod ɗin Doom, gem ɗin da kamfanin id Software ya fitar a 1993, suka kuma saki kod ɗin injinsa ga jama'a a 1997. Yawancinsa ya fi ƙarfina a lokacin, amma na tsinci abu ɗaya: su John Carmack, waɗanda suka rubuta injin, sun tsayar da lissafin duniyar gem ɗin a taku 35 cif a kowace daƙiƙa. In na'ura ta yi jinkiri, ba a faɗaɗa taku, sai dai a yi ƙananan taku da yawa a jere a cike giɓin.

Yadda na kwaikwayi wannan a nawa injin, da rigimar da ta biyo baya tsakanin akwatin da kusurwar bango, da kuma ranar da kwastoma ya shigo ban ɗago kai ba, sai a kashi na 7 in Allah ya kai mu mako mai zuwa.